Talabijin na Biyan Kuɗi a Gidajen Arewa: Shigowarsa da Ja Bayansa

Talabijin ya shigo Arewacin Nijeriya ne a shekarar 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tasharta a Kaduna, shekara uku bayan ta Ibadan, kuma a wancan lokaci kallo kyauta ne ga duk mai akwati da eriya. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA, sannan jihohi suka kafa nasu, irin su CTV ta Kano da gwamna Abubakar Rimi ya assasa, wadda a yau ake kira da sunansa. A wancan zamani akwati ɗaya kan wadaci unguwa guda, domin maigida yakan fito da shi ƙofar gida bayan sallar isha'i, yaran maƙwabta su baje a kan tabarma har tasha ta rufe.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar NBC, ita ce ta ba 'yan kasuwa damar shiga harkar watsa shirye-shirye, kuma ta wannan ƙofa talabijin na biyan kuɗi ya shigo. Abin da ake nufi da shi shi ne tashoshin da kamfani ke kulle hotonsu, ba ya buɗewa sai ta dikoda, wato na'urar da ke warware kullen ga wanda ya biya kuɗin wata. A Amurka waya ake ja har cikin gida, amma a nan faranti ko eriya ake kafawa a kan rufi ya kamo saƙon ta iska, ko da yake jama'a sun ci gaba da kiran abin kebul. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya kawo DStv, daga baya StarTimes ta zo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv kuma a 2011, dukansu biyu da farashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya ɗauka a lokacin.

Duk da haka tsarin bai taɓa kama ƙasa sosai a gidan Bahaushe ba, saboda babban abin da yake sayarwa ƙwallon Turai ne, wanda gidajen kallo suka riga suka sauƙaƙa wa matasa da kuɗi ƙalilan, su kuwa matan gida sun fi karkata ga farantin da ke kamo tashoshin Larabawa da finafinan Indiya ba tare da biyan ko kwabo ba. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 a kyauta, ta kuma kawo shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sai ya tabbata cewa abin da iyali suka fi so a harshensu ba ya bukatar kuɗin wata.

Wayar hannu ce ta ƙarasa aikin. Tun daga 2020 masu shirya finafinan Kano suka mayar da hankali ga shiri mai dogon zango a YouTube, irin su Izzar So da Labarina, masu shagunan turi kuma suna zuba wa mutum fim a waya ya kalla lokacin da ya ga dama. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin wata ya yi ta hawa, ga man janareta ya gagari talaka, kuma magidanci yana da hujja idan ya ƙi biyan kwana talatin alhali wuta ba ta zama rabinsu. Rahoton MultiChoice ya nuna cewa ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Nijeriya cikin shekara biyu zuwa Maris na 2025. Farantai da yawa suna nan a kan rufi suna tsatsa, kuɗin da ake ware musu kuwa ya koma sayen data.