Yoyon Da Ya Bar Gindin Jirgi Ya Koma Sama

Duk mai ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska a gaɓar Amurka ko Ingila ya san wani abin haushi: jirgi na kwance lafiya a kan teku, ruwan gishiri bai shiga ba, amma da an yi ruwan sama sai a tarar katifa ta jiƙe sharkaf. Ruwan yana sulalewa ne ta ramukan kusoshin da suka riƙe shingen ƙarfe da katakon da ya zagaye bakin jirgin. Kakannin masu waɗannan jirage sun fi jin tsoron ruwan da ke shiga ta ƙasa.

A zamanin jirgin katako, babbar kafar ruwa ita ce tsakanin allo da allo. Mai toshiya yakan ɗauki ƙarfe mai faɗin baki da gudumar katako, ya cusa zare a tsagar, sannan ya zuba narkakken ƙaro a kai. Idan jirgi ya shiga ruwa, katako ya kumbura ya matse zaren, kafa ta rufe. Ƙaron kuwa daga itatuwan dazukan Suwidin da Finlan ake tatso shi, har ya ɗauki sunan birnin Stockholm inda ake lodinsa.

Zaren shi ne mai ɗacin labari. Tsofaffin igiyoyin jirgi ne da suka sha kwalta ake warwarewa da yatsu, sili-sili. A Ingila ta ƙarni na 19, musamman bayan dokar matalauta ta 1834, an ɗora wannan aiki a kan fursunoni da mazauna gidajen gajiyayyu, tsofaffi da yara, ana auna wa kowa nauyin da zai warware a yini. Marubucin nan Oscar Wilde ya yi shi bayan an ɗaure shi a 1895. Farce yakan tsage, yatsu su yi jini, a sayar da zaren ga masu gyaran jirage.

Masana harhaɗa sinadarai suka shigo daga baya. A 1926 Joseph Patrick da Nathan Mnookin suna neman maganin daskarewar ruwan injin mota a Kansas City, sai suka samu wani danƙo mai wari wanda mai ba ya narkar da shi. Shi ne tushen kamfanin Thiokol, kuma da irinsa aka liƙe tankunan man jiragen sama kafin ya iso daɓen jiragen ruwa. A 1937 kuma William Sparks da Robert Thomas suka ƙirƙiro robar butil, wadda ba ta taurara.

Sauyin gaske ya zo a 1959, lokacin da kamfanin Pearson na jihar Rhode Island ya baje jirginsa Triton a kasuwar baje kolin jirage ta New York. Tsawonsa ƙafa 28 ne, an zuba gangar jikinsa da faiba, wato roba mai zaren gilashi, guda ɗaya ba tsaga. Masu saye suka ɗauka an gama da yoyo. Sai dai daɓen sama daban ake zuba shi, a kifa shi a kan gangar kamar murfi, a rufe mahaɗar da dogon katako ko alminiyom, a ɗaure da ɗaruruwan kusoshi. Kowace kusa rami ce. Ga shi kuma magina da yawa suna sa itacen balsa mai taushi a tsakiyar daɓen don rage nauyi. Ɗigon da ya bi kusa yakan zauna a balsar shekaru yana ruɓar da ita ba a sani ba, har ranar da mutum zai jingina da shinge a tsakiyar igiyar ruwa ya ji gindinsa na motsi.

Nan ne gardamar da har yau ba ta mutu ba ta samo asali. Wasu sun dogara da gam mai ƙarfi irin 5200 na kamfanin 3M, wanda yake kamawa har cire shi yakan ɓare fatar faibar. Wasu sun koma ga butil. Hujjar na biyun ta fi nauyi a kan abin da za a kwance wata rana, domin katako da alminiyom da faiba kowanne da yadda yake miƙewa a rana ya tsuke a sanyi, kuma liƙin da bai iya bin wannan motsi zai rabu da ɗayansu. (Kumbon Challenger ya tarwatse a 1986 da mutum bakwai saboda zoben roba da sanyi ya sandarar a rokar da Morton Thiokol ya ƙera.)

Sauran kurakuran na hannu ne. Mai gaggawa yakan ɗaure noti har ya matse danƙon duka ya fito waje, ƙarfe ya zauna a kan faiba tsirara. Wani ya shafa silikon a gefen katako daga waje, ya bar maiƙon da sabon liƙi ba ya kamawa a kansa. Ƙwararru sukan kwance shingen gaba ɗaya, su ƙwaƙule jiƙaƙƙiyar balsa su cike gurbin da gam mai tauri, su ɗan faɗaɗa bakin ramin yadda danƙo zai taru ya zagaye wuyan kusa, sannan su murɗa noti daga ƙasa ba tare da kusar ta juya ba.