Tarihin Sato, Sunan Da Ya Fi Kowane Yawa A Japan

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Japan, mu bi diddigin Sato, sunan zuriyar da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na mutanen ƙasar ke amsawa. Suzuki da Takahashi ne ke biye masa.

Labarin ya faro ne a shekarar 669, lokacin da Sarki Tenji ya ba babban bafadensa Nakatomi no Kamatari sunan Fujiwara, yana gab da rasuwa. Ma'anar sunan ita ce filin fuji, wata shuka mai yaɗo mai fure shunayya. Zuriyarsa ta daɗe tana juya akalar fada ta hanyar aurar da 'ya'yanta mata ga sarakuna. Da gidan ya yawaita, sai kowane reshe ya nemi abin da zai bambanta shi. Harafin da ake rubuta fuji da shi ana kuma karanta shi "to", don haka aka riƙa liƙa masa harafin gari ko na muƙami. Fujiwaran Ise suka zama Ito, na Kaga suka zama Kato.

Su kuma Sato ana danganta su da Fujiwara no Hidesato, jarumin da ya taimaka aka murƙushe tawayen Taira no Masakado a 940. Masana sun rabu kan asalin "sa": wasu sun ce daga garin Sano ne, wasu kuma daga wani muƙamin masu tsaron fada. Zuriyar ta yi ƙarfi a arewa maso gabas, kuma har gobe sunan ya fi yawa a yankin Tohoku, musamman Akita da Yamagata.

To amma kada mu ɗauka duk mai sunan Sato jinin Fujiwara ne. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) talaka ba shi da ikon amfani da sunan zuriya a hukumance, sai samurai da 'yan tsirarun masu alfarma. Gwamnatin Meiji ta ɗage haramcin a 1870, sannan a 1875 ta wajabta wa kowa, saboda rajistar iyali da haraji da ɗaukar soja. Wasu suka fito da sunan da suke riƙe da shi a tsakaninsu, wasu suka ari na manyan yankinsu.

A nan ne tarihin ya haɗu da muhawarar yau. Tun 1898 doka ta ɗora miji da mata a kan suna ɗaya, kuma a kusan kashi 95 cikin ɗari na aurarraki macen ce ke barin nata. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2015 da 2021. A 2024 Farfesa Hiroshi Yoshida na Jami'ar Tohoku ya yi lissafin cewa idan aka ci gaba a haka, zuwa 2531 kowa a Japan Sato zai zama. Hasashe ne, amma ya nuna mana yadda ƙananan sunaye ke ɓacewa. Gidan da bai bar mai ɗaukar sunansa ba, sunan yana tafiya ne tare da tarihin ƙauyen ko sana'ar da aka samo shi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, da yardar Allah.