Ingancin hoto a aikin tsara shafi da kwamfuta

Ingancin hoto a aikin tsara shafi da kwamfuta shi ne yadda hoto ke fitowa tas a kan takarda bayan an buga shi, ba tare da ya dusashe ko ya farfashe ba. Ana auna shi da yawan ɗigon da ke cikin inci ɗaya, wato DPI. Littafi da mujalla da kalanda suna buƙatar ɗigo 300, jarida takan wadatu da 150 zuwa 200, babbar fosta da ake hange daga nesa kuwa ko 100 ya ishe ta.

Tarihi

Wannan sana'a ta samu gindin zama a 1985 da fitowar manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus a Amurka. CorelDRAW ta biyo baya a 1989, InDesign a 1999. A Kano CorelDRAW ce ta fi karɓuwa a wajen masu tsara katin biki, kalanda, bangon littattafan Hausa da fostar 'yan siyasa.

Inda hoto ke lalacewa

Hoton kyamara tarin ƙananan ɗigogi ne masu adadi. In an ja shi aka ƙara masa girma, ɗigogin ba sa ƙaruwa, sai dai su baje. Takardar A4 tana buƙatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo kafin ta cika 300.

A garuruwa irin su Bichi, Dambatta da Tsanyawa, galibi a shagon kwamfuta ake tsara aiki, a tura shi maɗaba'a cikin birni. Matsalar takan faro tun daga wayar mai aikin. WhatsApp yakan matse hoto, ya rage tsawonsa zuwa kimanin ɗigo 1600. Wannan ya isa hoto mai tsawon santimita 13, amma a fostar A3 bai kai ɗigo 100 a inci ba. A fuskar waya ba a ganin aibin, sai an buga kwafi ɗaruruwa, takarda da tawada sun riga sun tafi, sannan a ga fuskar amarya ko ta ɗan takara ta yi hazo. Maganin mai sauƙi ne: a tura hoton a matsayin fayil, ko a kwafo shi daga katin waya kai tsaye.

Tsarin JPEG yana zubar da wani ɓangare na hoto duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa. PNG da TIFF sun fi dacewa da aikin da za a riƙa taɓawa. Microsoft Word ma yakan rage hotuna zuwa ɗigo 220 in ba a hana shi ba.

Launi da rubutu

Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske uku, RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Shi ya sa kore da shuɗi masu ƙyalli kan fito a dushe. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ, ɗ da ɓ sukan rikiɗe in maɗaba'a ba ta da irin salon rubutun da aka yi aiki da shi, don haka ƙwararru kan mayar da rubutun zane, ko su fitar da aikin a PDF kafin su miƙa.