Malanville: Inshorar lafiya da kula da ƙwaƙwalwar yara, abin da ya kamata iyali su sani

Garin Malanville yana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a jihar Alibori, bakin kogin Kwara, yana fuskantar garin Gaya na Nijar. Tsakaninsa da Kwatano akwai tafiyar sama da kilomita 700. Ƙidayar shekarar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane kusan 168,000, waɗanda suka haɗa da Dandawa, Fulani, Hausawa, Zabarmawa da Mokole. Iyalai da dama na nan suna da ƙafa ɗaya a Benin, ɗaya a Nijar ko a jihar Kebbi ta Najeriya. Ga irin waɗannan gidaje, tambayar wa ke biyan kuɗin magani idan yaro ya kwanta, da kuma inda za a nufa idan ciwon na ƙwaƙwalwa ne, tambaya ce ta yau da kullum.

Yadda tsarin asibiti yake

Benin ta kasa ƙasarta zuwa yankunan kiwon lafiya 34, waɗanda ake kira zone sanitaire. Malanville da maƙwabciyarta Karimama yanki guda ne, kuma babban asibitin yankin, Hôpital de zone, yana cikin garin Malanville. Ƙarƙashinsa akwai ƙananan asibitoci a gundumomi irin su Guéné, Garou, Madécali da Toumboutou, sai kuma jami'an sa-kai na unguwanni da ƙauyuka da ake kira relais communautaires. Ƙa'ida ita ce a fara daga ƙaramin asibiti. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa sai a ba da takardar turawa zuwa asibitin yanki, daga nan kuma zuwa babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori da ke Parakou, tafiyar sama da kilomita 300.

Abubuwan da gwamnati ta ɗauke wa iyaye

Tun watan Afrilun 2009 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su, inda gwamnati ke biyan jika 100 na sefa kan kowace tiyata. A watan Oktoban 2011, zamanin shugaba Boni Yayi, aka ƙara da maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu. Allurar rigakafin yara ta yau da kullum ita ma ba a biya, kuma daga ranar 25 ga Afrilun 2024 an shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin.

Akwai kuma maganin kariya na damina. Yankin Malanville da Karimama na cikin yankuna biyu na farko da aka soma wannan aiki a Benin a 2019, saboda a nan zazzaɓi na zuwa ne da ƙarfi tare da ruwan sama. Ana bi gida-gida sau ɗaya a wata a tsakiyar damina, ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 ƙwayoyin da ake sha kwana uku a jere. Kariyar kan karye idan aka manta da na sauran kwana biyun bayan ranar farko.

Kyautar ba ta share dukan kashe-kashe ba. Kuɗin babur ko kwalekwale zuwa asibiti, abincin mai jinya, da maganin da aka rubuta a saya a waje idan na asibiti ya ƙare, duka suna kan iyali.

Shirin ARCH da batun takarda

Yunƙurin farko na inshorar lafiya ga kowa, RAMU, an ƙaddamar da shi a ƙarshen 2011 amma bai yi nisa ba. Gwamnatin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016, ta maye gurbinsa da shirin ARCH mai rassa huɗu: inshorar lafiya, koyon sana'a, ƙananan basussuka da fansho. An gwada reshen lafiya a 2019 a ƙananan hukumomi 7, ciki har da Abomey-Calavi, Dassa-Zoumè da Djougou, kafin a faɗaɗa shi zuwa sauran sassan ƙasar. Hukumar ANPS ce ke tafiyar da shi. A tsarin, gwamnati ke biyan dukan kuɗin inshorar waɗanda aka tantance a matsayin masu tsananin talauci, su kuma su nuna katinsu na shaida a asibitin gwamnati a duba su ba tare da biya ba. Wata doka mai lamba 2020-37, ta watan Fabrairun 2021, ta kuma wajabta inshorar lafiya a ƙasar.

Mabuɗin shirin shi ne rajista. Sunan gida sai ya shiga jerin waɗanda aka tantance, kuma katin yana ɗaure da lambar shaidar da hukumar ANIP ke bayarwa. A garin kan iyaka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da aka haifa a gida ba a yi masa takardar haihuwa ba, ko matar da aka auro daga Gaya ko Kamba ba ta da takardun Benin, ko makiyayin da ke can wajen kiwo lokacin da masu rajista suka zo, kowannensu na iya zama mabuƙaci na gaske amma babu shi a jerin. Takardar da iyali ke da ita a wata ƙasa ba ta aiki a nan: kyautar maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da Nijar ta soma a 2006, da inshorar jihohin Najeriya, kowace ta tsaya ne a iyakar ƙasarta. Saboda haka yi wa jariri takardar haihuwa da wuri a ofishin gunduma ko na magajin gari shi ne matakin farko na samun kariya.

Ciwon da ba a gani a ma'aunin zafi

Jerin cututtukan da waɗannan shirye-shirye suka fi mayar da hankali a kansu na jiki ne: zazzaɓi, gudawa, ciwon numfashi, haihuwa da tiyatar gaggawa. Lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa tana baya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 7 na matasa masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan soma ne kafin shekara 14. A ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin 5 na shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa, abin da ke shafar shayarwa da girman jariri.

Malanville na da dalilanta na kanta. Kogin Kwara kan cika ya yi ambaliya a watannin Agusta da Satumba, ya ci gonakin shinkafa da gidaje a Malanville da Karimama. Tun ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga suka shigo arewacin Benin ta gandun dajin W, wanda ke maƙwabtaka da yankin; a watan Janairun 2025 an kashe sojoji 28 a wani hari guda, sannan 54 a watan Afrilu. Mutanen ƙauyuka da dama sun bar gidajensu, wasu yara sun bar makaranta. Ga kuma rufe gadar Malanville zuwa Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe. Kasuwar Malanville, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar, da 'yan dako, direbobi da mata masu sayar da abinci sun ji a jikinsu. Idan abin hannun maigida ya ragu kuma tsoro ya shigo gida, yara ne ke fara nunawa.

Alamomin sun haɗa da yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, firgita cikin barci, daina magana ko wasa, ciwon kai da na ciki da ba a gano dalilinsu ba, faɗa mai yawa, ko faɗuwar karatu kwatsam. A wajen samari, shan tramadol da sauran ƙwayoyi don jure aikin ƙarfi yakan ɓoye wata damuwar. Farfaɗiya, wadda zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko wahalar haihuwa kan haddasa, ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, kuma yawancin masu ita na daina faɗuwa idan suna shan magani kullum.

Gidaje da yawa kan fara da malami, a yi rubutu ko ruƙiyya, ko a je wajen mai maganin gargajiya, bisa zaton iska ce ko sammu. Addu'a da zuwa asibiti ba sa cin karo. Abin da ke cutarwa shi ne jinkiri, da duka, da ɗaure yaro da mari, da cire shi daga makaranta don gudun bakin mutane.

Inda za a ƙwanƙwasa

Likitocin ƙwaƙwalwa a Benin kaɗan ne, kuma sun taru a manyan birane. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na ƙasa yana unguwar Jacquot a Kwatano. Mafi kusa da Malanville shi ne sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Parakou. A Djougou akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille, wadda Grégoire Ahongbonon ya kafa, ɗan Benin da ya yi suna wajen kwance masu taɓin hankali daga mari, kuma tana karɓar mutane ba tare da duba addini ba. Ga waɗanda ke da dangi a Najeriya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato.

Sai dai ba kowace matsala ce ke buƙatar wannan doguwar tafiya ba. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 an gina shi ne kan cewa malamin asibiti ko ungozoma da aka horar za su iya gane damuwa da farfaɗiya, su fara magani, su tura abin da ya fi ƙarfinsu. Don haka ƙofar farko ita ce ƙaramin asibitin gunduma, kuma ya kamata uwa ta faɗi canjin halin yaro kamar yadda za ta faɗi zafin jikinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce cibiyar jin daɗin jama'a ta ƙaramar hukuma, wadda a da aka sani da Centre de promotion sociale. A nan ake tambayar ko sunan gida na cikin jerin ARCH, a nan kuma ake kai ƙarar cin zarafin yaro, auren dole ko yaron da ya rabu da iyayensa. Dokar kare yara ta Benin ta 2015 ta shafi kowane yaro da ke zaune a ƙasar. Akwai kuma lambar waya ta 138, ta kyauta, wadda aka buɗe a 2020 don kai rahoton yaron da ke cikin haɗari.

Wasu alamomin ba sa jiran gobe. Jijjigar da ta wuce minti 5, yaron da ya ambaci kashe kansa, maijegon da ta daina barci kwata-kwata ko ta fara maganar da ba a fahimta, da wanda aka yi wa fyade, waɗannan a kai su asibitin yanki nan take. A batun fyade, maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Mai zuwa asibiti ya riƙe katin rigakafin yaro, takardar haihuwa, katin ANIP idan akwai, da kwalin duk wani maganin da aka riga aka ba shi, ko a wace ƙasa aka saye shi.