KARATU DAGA NESA: DA WA AKA TAFI, WA AKA BARI?

Maudu'inmu na wannan mako tarihin karatu daga nesa ne, da matsayin makaho da kurma da gurgu a cikinsa.

Kai ilimi inda ɗalibi yake ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru saboda matan karkara da ba su da halin zuwa gaban malami. Jajoji ne ke zuwa wurinta su haddace waƙoƙin ilimi, sannan su koma ƙauyuka su koyar. Abin lura shi ne, da kunne ake ɗaukar wannan karatu. Makauniya da mai gani duk tabarma ɗaya ce. Ta wannan hanya ta sauraro da hadda ƙasar Hausa ta samu Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya wallafa Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa.

Na boko kuwa ta gidan waya ya shigo. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya zauna jarrabawar digirinta ba tare da ya zauna a ajinta ba. A zamanin Turawa 'yan Najeriya sun riƙa karɓar darussa cikin ambulan daga makarantu irin su Wolsey Hall da ke Ingila. Da haka Obafemi Awolowo ya samu digirin kasuwanci a 1944. An rage nisan hanya, gaskiya ne, amma darasin a takarda yake, amsar ma a takarda. Wanda ba ya gani sai dai ya nemi mai karanta masa. Makarantar makafi ta farko a Najeriya, wadda ke Gindiri a Filato, sai a 1953 mishan suka buɗe ta, shekara fiye da ɗari bayan Louis Braille ya ƙirƙiro rubutun makafi a Faransa.

A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don malami ya ƙaro ilimi bai bar ajinsa ba. Duk wanda ya tashi a Mafara ko Bakura ko Maradun ya san malamin da ya yi NCE ta wannan hanya. Ita kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, gwamnatin Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ta kwanta har zuwan Obasanjo a farkon shekarun 2000. Yau tana da cibiya a Gusau, kuma littattafanta suna kan intanet.

Me naƙasasshe ya samu a wannan tafiya? Bai tashi a tutar babu ba. A 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Sai dai ilimi kyauta da dokar ta ambata a sakandare ya tsaya. Kuɗin digiri, da kwamfuta, da kuɗin data, duk a wuyan ɗalibi suke. Jarrabawar NOUN kuma a cibiya ake zama, wato ɗan Maradun mai keke sai ya san yadda zai kai kansa Gusau.

Mu a Zamfara maganar ta fi zafi. Shan inna ta bar mana guragu. Gubar dalma da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara fiye da 400, cikin waɗanda suka rayu akwai masu raunin gani da na ƙwaƙwalwa. Sanƙarau na 2017 ya bi ta kanmu, ciwon da kan bar mutum kurma. Da yawa cikin yaran nan yanzu shekarunsu sun kai na neman jami'a. Sannan ga 2021: an sace 'yan mata 279 a Jangebe, an kai hari kwalejin noma ta Bakura, an kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun. A watan Satumba aka rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Mai ƙafa ya hau mota zuwa wata jiha ya nemi sabis. Wanda wayarsa ce ajinsa, kuma fita ke masa wuya, ya rasa tudun dafawa.

Tarihin nan ya nuna nisa iri biyu ne. Akwai na hanya, wanda ambulan da intanet suka rage. Akwai kuma na tsakanin darasi da jikin ɗalibi, wanda tsarin jajoji ya fi na boko kula da shi ta fuskar makafi.

A nan namu aikin yake. Wanda ya rubuta littafi ya naɗi muryarsa yana karantawa. Wanda zai saka rubutu a intanet ya buga shi harafi-harafi, kada ya ɗora hoton shafi, domin manhajar da ke karanta wa makaho tana tuntuɓe da hoto. Mai bidiyo ya sa rubutu a ƙasa saboda kurame. In kuma za ka sa gurgu a labarinka, ka tuna ba duka ne ke riƙe da ƙoƙon bara ba, wani katin jarrabawa ne a hannunsa.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.