Jadawalin Ɗigo-ɗigo: Hanyar Auna Ƙarfin Kwamfuta Kafin Ta Gaza

Jadawalin ɗigo-ɗigo zane ne da ke nuna alaƙar da ke tsakanin abubuwa biyu da aka auna. A fannin kwamfuta, akan jera yawan masu shiga shafi a layin kwance, nauyin da ke kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, a layin tsaye. Kowane ɗigo awo ɗaya ne da aka ɗauka a wani lokaci. Idan ɗigogin suka taru, sai a ja miƙaƙƙen layin da ya fi kusa da su baki ɗaya. Masanin lissafi ɗan Faransa, Adrien-Marie Legendre, shi ne ya fara wallafa ƙa'idar jan wannan layi a 1805.

Amfanin layin shi ne hasashe. Alal misali, idan na'ura na cin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta ba kowa a kanta, kuma kowane mutum 100 na ƙara kashi 8, to mutum 750 za su kai ta kashi 70. Da wannan ne hukuma ke sanin lokacin ƙaro na'ura tun kafin cunkoso ya zo.

Buƙatar hakan a bayyane take a Yola da Jimeta. Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya suna rajistar ɗalibai ta intanet, sannan tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan. Irin waɗannan ayyuka kan tara jama'a cikin 'yan kwanaki, kuma na'ura in ta tsaya, ɗalibi ne ke asara.

Sai dai layin yana da iyaka. Lokacin jiran amsa ba ya tafiya a miƙe. Bisa lissafin jerin gwano mafi sauƙi, jira kan ninka sau biyu idan nauyi ya kai kashi 50, sau goma a kashi 90. Don haka awon ranakun da ba cunkoso ba ya isa hujja kan ranar rufe rajista.

Haka kuma akan binciki ɗigon da ya yi nisa da layi kafin a yanke hukunci. A Yola, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ɗaukewar wuta ko zafin ɗakin na'urori na iya jawo jinkirin da sayen sabuwar kwamfuta ba zai magance ba.