Yunwa da Ganganci: Dalilan Yaƙin Jamus na Ƙarƙashin Teku

Masu hikima na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Halin da Jamus ta samu kanta ke nan a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rauni ne, ba ƙarfi ba, ya sa ta dogara ga jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku.

Dalili na farko shi ne ƙawanyar da Birtaniya ta yi mata tun 1914. Rundunar ruwan Birtaniya ta fi ta Jamus girma, don haka ta datse hanyoyin shigar abinci da takin zamani. Gumurzun Jutland na 1916 bai karya wannan ƙawanya ba. A shekarar kuma dankalin Turawa ya lalace, yunwa ta addabi biranen Jamus a lokacin hunturu.

Dalili na biyu shi ne yanayin Birtaniya kanta. Tsibiri ce mai dogaro da hatsin ƙetare, sai Jamusawa suka ga cewa za su iya rama wa kura aniyarta ta hanyar nutsar da jiragen kasuwanci. Sai dai dokar teku ta wajabta a gargaɗi irin waɗannan jirage, a kuma ba mutanen ciki damar tsira. Jirgin ƙarƙashin teku kuwa da zarar ya taso sama ya shiga haɗari, musamman da Birtaniya ta fara ɓoye igwogi a cikin jirage masu kama da na 'yan kasuwa. Wannan ya sa hafsoshin Jamus suka nace a kan kai hari ba gargaɗi.

An gwada hakan a 1915, amma nutsar da jirgin fasinja na Lusitania ranar 7 ga Mayu, inda mutane kusan 1,200 suka halaka, ciki har da Amurkawa 128, ya harzuƙa Amurka, Jamus ta sassauta.

Dalili na uku shi ne kuskuren lissafi. A Disambar 1916, shugaban hafsoshin ruwa, Holtzendorff, ya ƙiyasta cewa nutsar da jirage masu nauyin tan 600,000 a kowane wata zai durƙusar da Birtaniya cikin watanni biyar, kafin taimakon Amurka ya yi tasiri. Shugaban gwamnati, Bethmann Hollweg, ya ji tsoron abin da zai biyo baya, amma sojoji suka rinjaye shi. An soma hare-haren ranar 1 ga Fabrairun 1917, Amurka kuwa ta shiga yaƙin ranar 6 ga Afrilu.

Da fari asarar ta girgiza Birtaniya, amma da jiragenta suka koma tafiya a ayari tare da rakiyar jiragen yaƙi, sai lissafin ya rushe. Takobin da Jamus ta kama domin ta tsira, shi ne ya yanke ta.